Amsa: mi ya sa wayar da ka haɗa ma Sega take ƙugi da zane-zane ga tele?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi yi albarka. Ka ce ka samu Mega Drive 2 da tsohuwar PlayStation ta farko cikin kayan okaziyo, ka yanke wayar Segar ka ƙara mata tsawo har mita 4 don ta kai inda kuke zama, ka like mata kan Peritel, wato babban fish mai ƙafafu da yawa na bayan tele, don ka samu hoton RGB, wanda ja da kore da shuɗi kowace ke bin wayarta, hoton ya hito kam amma tun ranar sifika ke ƙugi duk sa'adda allo ya yi fari, ga wani ɗan zane gida-gida bisa shuɗi da ja, ga kuma baƙin layi mai faɗi da ke hawa sama sannu sannu. Kana tambaya ko ka naɗe wayar da takardar alminiyo, ko ka sayi wanga baƙin ƙululun da ake gani ga wayar kwamfuta.

To ka aje kuɗɗinka tukuna. Abin da ka lissafa ciwo ukku ne daban daban, kuma babu ɗaya da alminiyo ko ƙululun zai warkar. Biyu daga ciki suna cikin wayar da ka haɗa, na ukkun ina kyautata zaton daga wajen kuran yake. Amma duk ukkun uwarsu ɗaya, mas, wato wayar da kuran ke bi ya komo konsol. Mutane in suna haɗa waya hankalinsu duka yana ga wayar da ke kai sigina, ja ina za ta, kore ina za ta, sai a bar mas a matsayin wata ƴar waya da ake likewa daga ƙarshe ko ina ta samu wuri, alhali duk kuran da ya hita daga konsol ya tahi tele dole sai ya komo, kuma ta mas yake komowa. In hanyar komowa ta lalace to aikin duka ya lalace ko da zinari ka yi sauran.

Bari in gaya maka abin da ke gudana cikin wayar don ka gane da kanka. Hoton nan da kake gani ƙarfinshi bai taka kara ya karya ba, kowace kala ta RGB bolt 0.7 ce in ta kai maƙura, komfozit kuma wato mai rawayan kai bolt 1 ne, kuma duka an yi su ne su faɗa kan om 75 da ke cikin tele. Om 75 kaya ne mai nauyi ga sigina, shi ya sa kowace kala ke jan kuran na kirki, kusan miliyamfa 9 in allo ya yi fari tas, ka ninka ukku ka ƙara na komfozit. Sauti kuwa ba haka yake ba, ƙofar shigarshi ga tele tana da om dubbai, 10,000 zuwa sama, kusan ba ya jan komi, shi ya sa ɗan abu kaɗan in ya shiga sai ka ji shi. Yanzu ka ɗauka duk waɗannan sun taru ga siririyar wayar mas guda mai tsawon mita 4. Kamar unguwa ce da gidaje shidda sunka haɗa kwata guda ƴar ƙarama, ranar da anka yi ruwan Agusta gidan da ya hi kowa zubar da ruwa shi zai cika ta, ruwan ya komo ta tsakar gidan maƙwabcin da bai zubar da komi ba. Maƙwabcin nan shi ne sautinka. Kuran hoto in ya bi siririyar mas sai ya bar ɗan bolt kaɗan tsakanin bakinta na nan da na can, tele kuma ba ta san bambanci ba, ta ɗauke shi a matsayin sauti ta ƙara mashi ƙarhi ta tura sifika. Kuma da yake hoton ana zana shi sau 50 kowace daƙiƙa ga konsol PAL ta Turai, sau 60 ga NTSC ta Amurka da Japan, tsakanin kowane zane akwai ɗan lokacin da allo ke baƙi, to wanga kunnawa da kashewar ita ce ƙugin da kake ji, shi ya sa yana tashi in allo ya yi fari yana kwantawa in ya yi duhu. Wannan alamar kaɗai ta isa ta gaya ma mai gyara cewa laihin na waya ne, ba na sifika ba, ba na tele ba.

Akwai hanya ta biyu da suke shiga juna, ita ce kusanci. Wayoyi biyu tsirara da ke kwance jikin juna mita da mita sun zama ɗan kondansater ko ba ka so, kuma sigina mai sauri ya hi saurin tsallakawa. Hoto kuwa miliyoyin bugu ne a daƙiƙa. Iya tsawon waya iya yawan tsallaken.

Kahin ka sake taɓa ƙarhen like, ka yi gwaji, ba ya cin ko dala. Kashe hitilu da fanka na ɗakin, cire wayar parabol da dikoda da duk abin da ke jikin tele sai konsol kaɗai, ka sa konsol da tele ga ralonji guda. Dibi baƙin layin, in ya ɓace ka san ba wayarka ba ce. Sa'annan ka shiga wasa inda akwai fari da yawa ka saurara, ka koma inda ke duhu ka saurara. Ƙugin da ke bin hasken allo na waya ne. Ƙugin da ke nan daram ko allo fari ko baƙi na kuran ne. Wanda kuma ke zuwa tit-tirit-tirit ya wuce, salularka ce ke kusa da wayar tana magana da antena, ka ɗauke ta kawai. Mai Mega Drive 1 ma ya hi samun sauƙi don akwai ramin abin kunne ga gaba, ya sa ya ji, in can tsab yake to konsol lahiya lau take.

Yanzu maganar waya, nan ne zan daɗe don nan ne aikin yake. Abin da kake buƙata shi ne kowace sigina ta hoto ta samu wayarta mai saƙa, wato kowaksiyal ta om 75, zare guda a tsakiya, farar roba ko soso kewaye da shi, sa'annan saƙar jan ƙarhe ta lulluɓe shi. Saƙar nan aiki biyu take, tana tsare na waje kada ya shiga, kuma ita ce hanyar komowar kuran wannan siginar ita kaɗai, kusa da kusa da zarenta, ba ta bi ta gidan kowa ba. Wayar da anka rubuta bilinde amma saƙa guda ce ta naɗe duka wayoyin tare, wannan tana kare ka daga na waje ne kawai, na cikin gida suna nan suna cuɗanya, kuma matsalarka ta cikin gida ce. Shi ya sa na ce alminiyon da za ka naɗa daga waje ba zai yi komi ba, hoto da sauti duk suna ƙarƙashinshi tare, ga shi ba ya kama dalma balle ka haɗa shi da mas yadda ya kamata.

Ina za ka samu irin wagga waya a Maraɗi? Ba sai ka aika Kano ko Yamai ba. Ka tahi wajen masu gyaran kwamfuta ko masu tsoffin kaya ga babbar kasuwa ka nemi tsohuwar wayar VGA, mai shuɗin kai, amma mai kauri, irin wadda ke zuwa da tsoffin ekaran na ofis. In ka yanke ta za ka ga manyan wayoyi ukku, ja da kore da shuɗi, kowace da saƙarta ko zaren da anka naɗe mata, su ne kowaksiyal na om 75 da anka yi don RGB tun asali, sai ƙananan wayoyi gefe waɗanda za ka ɗauki guda ka kai bolt 5 da ita. Sabbin sirara masu arha kuwa sau da yawa in ka yanke babu saƙa ko ɗaya, zare ne kamar gashi cikin roba, kada ka ɓata dalmarka. Ka roƙi mai kaya ya bari ka fere bakin guda ka gani kahin ka biya, in ya ƙi ka wuce gaba. Ka riƙe ɗan maganaɗisu ga aljihu, na tsohuwar sifika ma ya isa, in zaren ya manne mashi ƙarhe ne anka shafa ma jan ƙarhe. In kuma ka kara mashi wutar birike ya lanƙwashe ya zama toka, alminiyo ne anka rina. Jan ƙarhe na gaskiya ja zai yi da wuta ya tsaya yadda yake.

Tunda VGA ukku take ba ka, kai kuma huɗu kake so saboda sinkoro, siginar da ke gaya ma tele inda kowane layi da kowane zane ke farawa, sai ka zaro ta huɗu daga wani guntun VGA ka jera ta gefe. Sauti kuma ka hitar da shi daga cikin taron gaba ɗaya, ka nemo waya mai saƙa ta sitiriyo, irin ta makirfo ko ta tsohuwar rediyo mai kyau, ta bi gefe da saƙarta, ka ɗaure su tare da sikoc ko robar da ke tsukewa da zahi. Zai yi kauri, ba zai yi kyan gani kamar na kanti ba, amma ni na hi son waya mai muni da shiru bisa ga mai kyau da ƙugi. Wayar parabol wasu na cewa ai ita ma om 75 ce, gaskiya ne, amma ta yi tauri da yawa, saƙarta galibi alminiyo ce, kuma nauyinta kaɗai na iya ɓalle ramin bayan konsol daga allon ciki, wannan kuwa gyara ne mai ban haushi ga na'urar da ta haura shekara 30.

Tsawo: mita 1.5 shi ne daidai, 2 in ya zama dole. In wurin zama ne ya yi nisa to wayar manet ake ƙara ma tsawo, ba ta hoto ba, konsol ta zauna gindin tele. Kuma kada ka yi ƙari a tsakiya, irin murɗe waya da waya a naɗe da sikoc, duk inda ka yi haka ka buɗe saƙa ka bar ƙofa. Gara ka yi sabuwa daga kai zuwa kai.

Wajen like, abin da na hi gani yana ɓata aikin yara masu hannu mai kyau shi ne su fere saƙa santimita 4 ko 5 su murɗe ta ta zama doguwar wutsiya don ta yi sauƙin kamawa. A'a. Zaren tsakiya kada ya hito tsirara ya wuce santimita 1, wutsiyar saƙa ma haka, gajera mai kauri. Kuma saƙar hoto ana like ta ga ɓangarorin biyu, na konsol da na tele. Za ka ji wani ya ce a like gefe guda kawai don kada a yi zobe, wannan maganar ta masu kayan sauti ce na situdiyo inda mas ke da wayarta daban, nan in ka saki gefe guda ka yanke ma kuran hanyar komowa ne, zai nemi wata, kuma ta saƙar sautinka zai bi.

Kan Peritel an yi shi da hankali, Faransawa sun tilasta shi ga duk tele da ake saidawa ƙasarsu daga 1980 har 2015, shi ya sa tsoffin tele da ke shigo muna daga can kusan duka suna da shi. Ƙafa 21 gare shi kuma kowace sigina da mas ɗinta. Ja ƙafa ta 15 mas ɗinta 13, kore 11 mas 9, shuɗi 7 mas 5, sinkoro ko komfozit na shiga ta 20 mas 17, sauti na dama 2 na hagu 6 mas ɗinsu 4, ƙafa ta 16 mas ɗinta 18, ta 21 kuma ita ce ƙarhen da ya kewaye kan. Kowace saƙa ta tahi gidanta. Kada ka tara su dunƙule guda ka kai ƙafa ɗaya, musamman ta 4 ka bar ma sauti ita kaɗai. In wayar da ka samu daga Japan ta hito ka yi hattara, suna da kai iri ɗaya sak da Peritel amma jerin ƙafafun daban ne, ba a cusa shi haka nan.

Ga kuma abin da nake zargi ƙwarai ga taka. Fish ɗin bayan Mega Drive 2 ƙafa 9 gare shi, kuma cikin taran nan babu mas ko ɗaya, akwai ja, kore, shuɗi, komfozit, sinkoro, bolt 5, sauti hagu, dama da mono. Mas ɗin shi ne zoben ƙarhen da ya kewaye ƙafafun. Zoben nan kuwa yana da wuyar kama dalma, sai ka kankare shi da wuƙa ko sampepa har ya yi haske, ka sa fulus, maganin nan da ke sa dalma ta kama, ka ba shi zahi sosai, in ba haka ba dalmar za ta zauna bisa kamar ta kama alhali ɗosana ce kawai. Duk saƙoƙinka nan za su haɗu, don haka nan ne ya kamata like ya hi ko'ina ƙarhi. Ka duba ramin konsol ɗin ma, ƙurar hunturu da tsatsa suna taruwa ga zoben ciki, ka wanke da alkol da tsohon buroshin haƙori ka bari ya bushe.

Sai ƴan kayan da ke ɓoye cikin waya, waɗanda mutane ke yankewa su zubar ba su sani ba. Sega ba ta sa komi ba ga layin RGB cikin konsol, ta bar ma waya, don haka kowace kala tana son rezistans om 75 da kondansater mikrofarad 220 a jere, ƙafar fulis (+) ta kondansater tana kallon konsol. In babu su hoto zai yi haske hiye da kima, fari ya cinye komi, kuran da ke bin mas ya ƙaru, ƙugi ya ƙaru, kuma kana wahal da ɗan cif ɗin da ke hitar da hoto. Rezistans ɗin in wuri ya ba ka ka sa su gefen konsol, can ne gidansu na gaskiya, kondansater kuwa su zauna cikin kan Peritel inda akwai hili. PlayStation ta farko kondansater 220 kawai take so ga kowace kala, babu rezistans, PS2 kuma nata suna ciki. Super Nintendo ta Amurka da Japan kondansater take so, ta Turai kuma rezistans om 75 daga kowace kala zuwa mas. Ka ga ke nan waya guda ba ta yi ma kowa ko da kan ya shiga. Ƙafa ta 16 ita ke gaya ma tele ta koma RGB, tana son tsakanin bolt 1 da 3, sai ka ɗauko bolt 5 na konsol ka bi da shi ta rezistans om 180, zai sauka wajen 1.5. In ka manta da ita tele za ta nuna maka komfozit ne kana zaton RGB kake kallo. Ƙafa ta 8 ni barinta nake, in ka ba ta bolt 5 wasu tele sai su matse hoton su maida shi 16:9, gara ka zaɓi AV da telekomand.

Zanen gida-gida da kake gani bisa shuɗi da ja daga sinkoro yake. Mahi yawan wayoyi suna ɗaukar komfozit su kai ƙafa ta 20 don tele ta tsinci sinkoro ciki, amma komfozit yana ɗauke da siginar kala mai bugu miliyan 4.43 a daƙiƙa ga PAL, 3.58 ga NTSC, ita ce ke tsallakawa cikin ja da kore da shuɗi in babu saƙa tsakaninsu. Magani na farko ka ba komfozit kowaksiyal ɗinshi, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Na biyu ka bar komfozit gaba ɗaya. Ga Mega Drive akwai ƙafar sinkoro zalla, amma ƙarhinta na iya kai bolt 5 alhali tele ƙasa da bolt 1 take jira, sai ka sa rezistans om 470 da kondansater a jere, kuma rezistans ɗin ya zauna gefen konsol don a rage ƙarhin tun kahin ya shiga doguwar waya ya dami maƙwabta. Ga PlayStation babu sinkoro zalla, sai a ɗauki luma, wato layin haske na S-Video, shi ba ya da kala ciki, hoto ya hito tas. Amma don Allah ka riƙe wannan: ga Super Nintendo ta Turai, ƙafar da ke ba da sinkoro ga ta Amurka bolt 12 ne ke hitowa nan. Wanda ya ɗauki wayar waccan ya sa ga wagga ya tura bolt 12 cikin tele. Ka auna da miltimita kahin ka yarda da kowane zane da ka gani ga intanet, don wasu suna zana kan ta gaba wasu ta baya, lambobin su juye.

Baƙin layin da ke hawa sannu sannu kuma kuran gida ne ya shiga hoto. Kuranmu 220 ne mai bugu 50, konsol PAL ma kusan 50 take zane, ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ke sa layin tahiya a hankali, da NTSC ce da rawa za ka gani mai sauri. Ka ƙirga layukan. In guda ne, galibi mas biyu ne sunka haɗu ta hanyoyi daban, misali tele na haɗe da parabol ko ampili da ke wata firiz ta bango daban, kuran ya samu zobe yana kewayawa ta saƙar wayarka. In biyu ne to adafta ce, kondansater ɗin cikinta ya bushe, abin da zahin Afirilu da Mayu na garin nan ke yi ma kowace tsohuwar na'ura. Akwai kuma wanda ke zuwa da magariba kaɗai lokacin zahi sa'adda kowa ya kunna fanka da firigo kuran ya yi ƙasa, tsohuwar adafta mai taransifo ita ma sai ta yi ƙasa, regilater 7805 da ke cikin Sega kuwa sai ya samu wajen bolt 7 ko hiye kahin ya ba da 5 mai tsabta, in bai samu ba sai ya bar ƙazantar ta wuce. Wannan stabilizater ke maganinshi ba waya ba. Ƙananan adafta marasa nauyi na kasuwa kuma nasu parazit ɗin daban ne, ɗige-ɗige ko siraran layuka a karkace masu gudu, haka ampul LED masu arha da sharjar salula da ondiler na panno wanda ba ya ba da kuran mai santsi, haka in maƙwabcinka mai sudur ne. Wayar hoto kada ta kwanta jere da wayar kuran, in dole su gamu to su gitta juna.

Wajen adafta ka kula da kyau, Mega Drive 1 tsakiyar fish ɗinta mwan (-) ne, ta 2 kuma fulis (+) ne, adaftar NES da ta Super Nintendo ta Turai kuwa AC suke hitarwa, in ka sa ma Sega ka kashe ta. PlayStation ɗinka ma ka karanta takardar ƙasanta, in ta Amurka ce ko Japan 120 ko 100 take so, kada ta ga firiz ɗinmu babu taransifo. Kuma da yake gidaje da yawa nan ba su da waya ta ƙasa, za ka ji tele na ɗan cizo in ka taɓa ƙarhen bayanta, wanga cizon ya isa ya ƙone cif ɗin hoto in ƙafar sigina ta riga mas taɓawa. Don haka kashe duka ka cire daga firiz kahin ka sa ko ka cire Peritel. In gidanku na da ta ƙasa kada ka karye ƙafarta don layi ya ɓace, ranka ya hi hoto, akwai ɗan taransifo na raba mas da ake sa ma layin sauti ko na antena, shi ne hanyar da ta dace.

Ƙululun da ka tambaya, ferit, yana da amfaninshi amma ga parazit mai saurin gaske na miliyoyin bugu, irin na adafta marar nauyi, sai ka maƙala shi ga wayar adaftar kusa da konsol. Ƙugin 50 ko kallonshi ba ya yi.

Kuma kada in bar ka da zaton waya na gyara komi. Siraran layukan tsaye da ba su motsi da ake gani ga Mega Drive da yawa, musamman bisa shuɗin sama, daga cikin allon konsol suke, waya mai kyau ma ƙara hito da su take don ta daina ɓoye su, gyaransu sai an buɗe ciki kuma ban ba ka shawarar ka fara da shi ba yanzu. Haka in filasma kake sa wa, yawancinsu ba su iya karanta hoton tsoffin konsol yadda ya kamata, su dame shi su jinkirta shi, wannan ba parazit ba ne. In kana da tsohuwar tele mai ƙeya mai Peritel ka riƙe ta hannu biyu, da ita anka yi waɗannan wasannin.

Kai dai ga taka, ka kwance mai mita 4 ɗin nan, ka yi sabuwa ta 1.5 da VGA mai kauri, sauti daban, om 75 da 220 ga kowace kala, 180 ga ƙafa ta 16, ka fara da komfozit cikin kowaksiyal ɗinshi ka gani kahin ka koma sinkoro zalla. Kahin ka sa ga konsol ka ɗauki miltimita ka bi ƙafa ƙafa, kada miltimita ta yi kuka tsakanin bolt 5 da mas ko wata ƙafa, daga zoben fish zuwa kowace ƙafar mas ta Peritel kuma ya nuna ƙasa da om 1, kana aunawa kana lanƙwasa wayar gindin kai ka ga ko lambar na tsalle. In ka gama layin nan mai hawa bai tahi ba, ka turo mani hoton takardar da ke ƙasan Segar da ta jikin adaftar, ka gaya mani layi ɗaya ne ko biyu, kuma da NIGELEC yake yi ko sai kun tada gurup.